Gyara Kayanka, ko Sauke Mu Raba? Tunani a kan Tawayen Kora

Sura ta 16 ta Littafin Ƙidaya ba ta cikin karatun da muke ji a Misar Lahadi, amma labarin da ke cikinta bai ɓace a bakin mutane ba. Duk sa'ad da rigima ta tashi a wata majami'a, ba a rasa wanda zai miƙe ya tuna wa jama'a cewa ƙasa ta taɓa buɗe baki ta haɗiye waɗanda suka yi wa Musa da Haruna tawaye. Yawanci kuwa wanda ke kan kujera ne yake tunawa da labarin. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san mutumin, da sunan Ƙaruna, wanda Hausawa ke buga misali da yawan dukiyarsa. Littafin Ƙidaya dai bai yi maganar dukiyar Kora ba. Abin da ya sa wa ido shi ne bagade, kuma tambayar da ya jefa wa Musa tana nan da ranta: idan dukan jama'ar Allah tsarkaka ne, me ya sa mutum ɗaya zai tsaya a gaba?

Kora ba bare ba ne. Littafin Fitowa, sura ta 6, ya nuna cewa Izhara mahaifinsa da Amram mahaifin Musa da Haruna 'ya'yan mutum ɗaya ne, wato Kohat ɗan Lawi. Rigimar gida ce ke nan. Aikin zuriyar Kohat kuwa ba ƙarami ba ne, domin su ne ke ɗaukar akwatin alkawari da sauran kayayyaki mafi tsarki a kafaɗa duk lokacin da aka tashi daga zango. Sai dai akwai sharaɗi: Haruna da 'ya'yansa ne za su fara shiga su lulluɓe kayan, sa'an nan 'ya'yan Kohat su zo su ɗauka, ba su taɓa ba, ba su leƙa ba. Mu duba wannan da kyau. Mutum yana jin nauyin abu a kafaɗarsa shekara da shekaru, yana kusa da shi fiye da kusan kowa a Isra'ila, amma taki ɗaya ya rage masa, takin nan kuwa an ba ɗan'uwansa. Wanda ke nesa da bagade bai cika jin zafin wannan ba. Na kusa ne ke ji. Malaman Yahudawa na dā sun ƙara lura da cewa an ba Elizafan ɗan Uzziyel shugabancin gidan Kohat, alhali Uzziyel ne ƙarami cikin 'ya'yan Kohat, suka ce nan ne ciwon Kora ya fara.

Datan da Abiram su kuma daga kabilar Ra'ubainu suke, ɗan farin Yakubu, wanda girman ɗan fari ya kuɓuce wa gidansa. Kukansu dabam ne. Ba su damu da turare ba, mulkin Musa ne ba sa so. Da ya aika a kira su, suka ƙi zuwa, har suka juya magana suka kira Masar ƙasa mai albarka, suka ce Musa ya fito da su ne domin ya kashe su a jeji. Masana Littafi Mai Tsarki da yawa suna ganin labaru biyu ne aka saƙa wuri ɗaya a wannan sura, na Lawiyawa masu neman aikin firist, da na mutanen Ra'ubainu masu ƙin shugabancin Musa. Ko da haka ne, wanda ya saƙa su ya san halin ɗan Adam. Gidan Kohat da zangon Ra'ubainu duka a kudancin alfarwa ta sujada suke sauka, maƙwabta ne. Mai ƙorafi ya iske mai ƙorafi, kowa da abin da ke cinsa, abu ɗaya ya haɗa su, wato mutumin da suke ƙi. Suka jawo shugabanni 250, mutane sanannu a cikin taron. Lokacin ma ya yi musu daidai, gama bai daɗe ba da 'yan leƙen asirin Kan'ana suka dawo da labari mai karya zuciya, aka yanke wa wannan tsara zaman shekara 40 a jeji. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Abin da ya sa labarin yake da wuya shi ne, maganar da Kora ya yi gaskiya ce. A Dutsen Sina'i Allah da kansa ya kira dukan Isra'ila al'umma tsattsarka da mulki na firistoci. Musa ma, sa'ad da aka kawo masa ƙarar Eldad da Medad suna annabci a zango ba da izininsa ba, bai hana su ba, sai ma ya yi fatan dukan jama'a su zama annabawa. A Sabon Alkawari wasiƙar Bitrus ta fari ta ɗora wannan suna a kan duk wanda aka yi wa baftisma. Majalisar Fatikan ta Biyu, a koyarwarta game da Ikkilisiya ta shekarar 1964, ta tabbatar da cewa kowane mai bi yana da rabo a cikin firistancin Kristi, ta kuma bayyana cewa firistancin dukan masu bi da na waɗanda aka naɗa sun bambanta a ainihinsu, ko da yake kowanne domin ɗan'uwansa aka yi shi. Saboda haka macen da ke share majami'a da asubar Asabar ba ta gaza Bishop tsarki ba, mai yiwuwa ma ta fi shi a gaban Allah. Duk wanda ya yi amfani da wannan sura ya ce wa jama'a su ba kome ba ne, ya ƙaryata abin da Allah ya faɗa a Sina'i.

To, ina laifin Kora? Musa ya gano shi nan take. Ya tambaye shi ko ƙaramin abu ne a gare su da Allah ya keɓe Lawiyawa ya kawo su kusa da shi, har suke neman aikin firist kuma. Kora ya yi magana da sunan dukan taron, amma bai nemi a buɗe wa makiyayi da gwauruwa ƙofar alfarwa ba. Waɗanda suka tsaya da farantan turare washegari manya ne, su 250. Ya ɗauki gaskiya ya mai da ita tsani. Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, wato wanda ya ga kayan wani sun karkace ya faɗa masa, taimako ya yi, ba rabo yake nema ba. Kora ya zo da bakin gyara kayanka, zuciyarsa kuwa tana kan sauke mu raba. Bai kawo wa Haruna laifi ko ɗaya ba. Bai ce ya ci hadaya ba bisa ƙa'ida ba, bai ce ya zalunci wani ba, bai ma tuna masa da ɗan maraƙin zinariya ba, wanda laifi ne na ainihi. Laifin Haruna a wurinsa shi ne Haruna ne ke wurin.

A nan ne kuskuren yake. Kora ya ɗauki aikin firist a kan lada ne da ake ba wanda ya fi tsarki ko ya fi cancanta, saboda haka idan kowa tsattsarka ne, kowa na iya kai hannu. Amma ba a zaɓi Haruna domin ya fi kowa ba, tarihinsa ya isa shaida. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 5, ta koyar da cewa ba mai ɗaukar wa kansa wannan girma, sai wanda aka kira. Dalilin kuwa yana da zurfi. Idan jama'a ce ke ƙera wa kanta firist yadda take so, sujadarta za ta zama aikin hannunta, kamar yadda sarki Yerobowam ya yi daga baya, ya kafa wuraren sujada a Betel da Dan, ya naɗa firistoci daga cikin waɗanda ba Lawiyawa ba, domin kada mutanensa su riƙa zuwa Urushalima. Firist da aka aiko mana, wanda ba mu muka zaɓa ba, wani lokaci ma ba yarenmu yake ji ba, yana tuna mana kowace Lahadi cewa abin da ke kan bagade kyauta ne daga sama. Karɓa muke yi.

Wannan bai rufe bakin kowa ba. Surori kaɗan bayan labarin Kora, a sura ta 27, 'ya'ya mata biyar na Zelofehad suka tsaya a gaban Musa da Ele'azara firist da dukan shugabanni, a ƙofar alfarwar nan, suka ce dokar gādo ta cuce su domin mahaifinsu bai bar ɗa namiji ba. Suka ƙara da cewa mahaifinsu ba ya cikin ƙungiyar Kora, abin da ke nuna sun san bambancin. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, aka ce suna da gaskiya, aka gyara doka. Haka Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya, bai kuwa ƙwace masa matsayi ba. Haka Katarina ta Siyena ta yi ta rubuta wa Paparoma Giregori na 11 wasiƙu masu zafi tana matsa masa ya bar Abinyon ta ƙasar Faransa, ya kuwa koma Roma a 1377. Dokar Ikkilisiya ta 1983, a doka ta 212, ta ba masu bi 'yanci, wani lokaci ma ta ɗora musu wajibi, su faɗa wa makiyayansu ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar Ikkilisiya. Wanda ya tambayi inda kuɗin bikin girbi ya shiga ba Kora ba ne. Wadda ta kai ƙarar firist ko katikis da ya ci amanar yaro ko yarinya ba ta yi tawaye ba, ta tsare bagade ne, kuma wanda ya tsorata ta da wannan sura zai ba da lissafi.

Mu firistoci ya kamata mu fi kowa jin tsoron wannan littafi. Wutar da ta cinye mutum 250 ta riga ta cinye Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna na cikinsa, naɗaɗɗu, saboda sun miƙa wutar da ba a umarce su ba. Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, firistoci ne na halal a Shilo, suka mai da hadayar jama'a abincinsu, suka mutu rana ɗaya. Musa da Haruna kansu, surori huɗu kacal bayan Kora, suka yi laifi a ruwan Meriba, aka hana su shiga ƙasar alkawari. Ayar nan ta Zabura ta 105 da ake yawan ja, wadda ke hana taɓa shafaffu na Ubangiji, idan aka karanta abin da ke gabanta za a ga tana magana ne a kan Ibrahim da zuriyarsa sa'ad da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar wasu. Ba a rubuta ta domin ta zama garkuwar mai riƙe da makullin ofis ba.

Mu kuma duba abin da shugabannin nan biyu suka yi a ranar. Da Musa ya ji maganar Kora, ya fāɗi rubda ciki. Da ya yi fushi, shaidar da ya kawo gaban Allah ita ce bai taɓa karɓar ko jaki ɗaya daga hannunsu ba. Shugaba nawa ne a yau, a coci ko a gwamnati, zai iya kafa wannan shaida? Da Allah ya ce zai hallaka dukan taron, Musa da Haruna suka roƙa kada a hukunta kowa saboda laifin mutum ɗaya. Washegari jama'a suka taso musu da zargin sun kashe mutanen Ubangiji, annoba ta ɓarke, sai Haruna, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɗauki farantin turarensa ya sheƙa a guje zuwa tsakiyar mutanen da ke zaginsa, ya tsaya tsakanin matattu da masu rai har annobar ta tsaya, bayan ta kashe mutum 14,700. Farantin da Kora ya so ya riƙe domin a gan shi, ga aikinsa na ainihi. Sanda 12 da aka ajiye a alfarwa daga baya, ta Haruna ta yi toho ta yi fure ta ba da 'ya'ya a dare ɗaya, hatimi ne kawai a kan abin da gudun nan ya riga ya nuna. Sura ta 18 kuma ta faɗi kuɗin kujerar: Haruna da 'ya'yansa za su ɗauki alhakin duk laifin da ya shafi Wuri Mai Tsarki, ba su kuma da gādon ƙasa a Isra'ila. Babba juji ne, in ji masu iya magana.

Ba za mu ɓoye cewa hukuncin yana da ban tsoro ba, musamman da yake ya haɗa da iyalan Datan da Abiram. Mutanen wancan zamani suna ɗaukar gida kamar jiki ɗaya, sai daga baya annabi Ezekiyel ya bayyana a fili cewa ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Abin lura shi ne Musa bai zare takobi a kan Kora ba, bai kuma sa kowa ya zare ba. Sa'ad da Yakubu da Yahaya suka so su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariya, Ubangijinmu Yesu ya tsawata musu. Mu da muke zaune kudu da kogin Kaduna mun san abin da wuta ke yi idan mutum ya kunna ta da sunan Allah. Mun gani a Fabrairu 2000, mun gani a Nuwamba 2002, mun kuma gani ranar 17 ga Yuni 2012, sa'ad da bam ya tashi a wata majami'a a nan Trikania da kuma babban cocinmu na Kristi Sarki a Zariya, ramuwar gayya ta biyo baya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ba wanda ya isa ya karanta wannan sura ya naɗa kansa ƙasar da za ta haɗiye wani.

Ikkilisiya ta sha komawa ga wannan labari. Wajen shekara ta 96, Kilemen na Roma ya rubuta wa Kiristocin Koranti, waɗanda suka tsige dattawansu ba da wani laifi ba, ya tuna musu da Datan da Abiram da kuma sandan Haruna. A ƙasarmu kuwa ba a manta da Ahiyara ta Jihar Imo ba. Bayan rasuwar Bishop Victor Chikwe a 2010, Paparoma Benedik na 16 ya naɗa Fada Peter Okpaleke na dayosis ɗin Awka a Disamba 2012. Firistoci da jama'a da yawa na ƙasar Mbaise suka ƙi shi, suna cewa ƙasarsu ta ba Ikkilisiya firistoci masu ɗimbin yawa, me zai sa a tsallake su duka a kawo na Anambra. A watan Mayu 2013 aka keɓe shi Bishop a wajen dayosis ɗin, bai kuwa taɓa samun zama a kujerarsa ba. Ranar 8 ga Yuni 2017 Paparoma Faransis ya ba kowane firist na Ahiyara kwana 30 ya rubuto wasiƙar neman gafara da alkawarin biyayya, in ba haka ba a dakatar da shi. Wasiƙu suka tafi Roma, amma zukata da yawa ba su juya ba. A Fabrairu 2018 Bishop Okpaleke ya ajiye aikin. A 2020 aka ba shi sabon dayosis na Ekwulobia, a 2022 kuma aka naɗa shi Kadinal.

Ba mu ce kukan mutanen Mbaise ba shi da tushe ba. Neman a duba yadda ake zaɓen bishop-bishop, a kuma yi adalci tsakanin yankuna, magana ce da za a iya kai wa Roma yadda 'ya'yan Zelofehad suka kai tasu. Amma rufe ƙofar babban coci ga wanda aka aiko, ba domin wani laifi nasa ba sai domin garin da aka haife shi, wannan ya haye daga gyara zuwa rabo. Ƙasa ba ta buɗe ba, Paparoma ma a ƙarshe bai zartar da hukuncin ba. Waɗanda suka biya kuɗin rigimar su ne talakawan dayosis, da suka yi shekaru ba makiyayi a tsakiyarsu, ayyukan da Bishop ne kaɗai ke yi suka yi ta jira.

Mu a Arewa Allah ya kiyaye mu daga irin wannan, ya kamata kuwa mu san darajar abin da muke da shi. Bayan Akbishop John McCarthy, ɗan ƙasar Ailan, Akbishop Peter Jatau ya karɓi Kaduna a 1975. A 2007 aka aiko mana Akbishop Matthew Ndagoso, mutumin Adamawa, daga Maiduguri, aka karɓe shi. A 2011 ɗan kudancin Kaduna, Bishop Matthew Hassan Kukah, ya tafi Sakkwato. Ba wanda ya tambayi sandan wace kabila ce. Amma kada mu yi barci a kan wannan, gama abin da bai faru a sama ba yana faruwa a ƙasa. A unguwa irin tamu, inda Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Tibi da Idoma da Ibo ke durƙusa a benci ɗaya, zaɓen shugaban kwamiti ko na Zumuntar Mata yakan koma ƙidayar kabila tun kafin a yi addu'ar buɗewa. Akan auna sabon Fada da sunan mahaifinsa kafin a ji wa'azinsa. Akwai kuma wanda ya yi shekaru yana jagorancin mawaƙa ko ƙungiyar addu'a, aka yi masa gyara sau ɗaya, sai ga shi ya kama hayar shago a bakin titi, ya rataya allo, ya naɗa kansa. Sau da yawa mutum ne mai baiwa ta gaske, yadda Kora ya kasance. Wani lokaci ma firist ne ya tura shi waje da girman kai, alhakin kuwa a raba musu.

Labarin bai ƙare da ramin ba. Allah ya umarci Ele'azara ya tsince farantan tagulla na mutum 250 ɗin daga cikin toka, domin an riga an miƙa su gare shi sun zama tsarkaka, aka buge su aka dalaye bagade da su. Duk firist ɗin da ya matso ya miƙa hadaya bayan wannan, abin da hannunsa ke taɓawa kayan 'yan tawaye ne. Sura ta 26 kuma ta ƙara wata 'yar magana da ake saurin tsallakewa, cewa 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Littafin Tarihi na fari ya nuna zuriyarsu sun zama matsaran ƙofofin Haikali da mawaƙa, ya kuma lissafta annabi Sama'ila a cikin jikokin Kora. Zabura 11 ne ke ɗauke da sunansu, har da ta 42 da mukan rera a daren Ista, da ta 84, inda mawaƙin ya zaɓi tsayuwa a bakin ƙofar gidan Allah a kan zama a ko'ina. Bakin ƙofar nan shi ne aikin da kakansu ya raina.